Haƙorin Ɓarawo a Moshi Zongo

Tun da na dawo daga Gana ban samu sakat ba. Duk wanda ya tsaya a shagona sayen ƙusa ko fenti sai ya jingina da kanta ya ce, "Kwamanda, yaya Gana?" In na ce lafiya lau, sai ya ce ba wannan yake tambaya ba. Na maimaita labarin har na lura na fara ƙara masa gishiri ba da niyya ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Garba. Kwamandan da ake kirana da shi ba na soja ba ne, shugabancin 'yan sintirin unguwarmu ne da aka ɗora mini shekara tara ke nan. Biki ne ya kai ni Tamale, a arewacin Gana. Wan mahaifina ya tafi fataucin goro tun kafin a haife ni, ya yi aure a can, ya rasu a can. Ɗansa, Yaya Mumuni, muna gaisawa a waya amma ban taɓa sa shi a ido ba. Da ya tashi aurar da 'yarsa Rahinatu, wadda ke aikin jinya, sai ya ce in ban zo wannan karon ba zai daina ɗaukar wayata.

Ban bi ta Legas ba. Direbobi suka ba ni shawarar in bi ta Kontagora, in wuce Kainji, in shiga ƙasar Binin ta Cikanda, daga nan Togo, sannan Gana. A motar Kayama, garin da ke kan hanyar Cikanda, Allah ya haɗa ni da Hajiya Zuwaira, wata dattijuwa mai fataucin man kaɗanya da ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Da ta ji inda za ni, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kana da katin allurar shawara?"

Na ce, "Ina da shi, Hajiya."

"Yana ina?"

"Yana cikin jaka."

"Jakar tana ina?"

Na nuna mata saman mota. Ta gyara mayafinta kawai. Sai da muka isa iyaka na gane ma'anar tambayoyin. Ma'aikacin ya karɓi fasfona ya nemi katin, katin kuwa yana ƙasan jaka, jakar tana ƙarƙashin buhunan albasa, an ɗaure su da igiya. Haka aka kwance kaya duka a cikin rana saboda ni kaɗai, fasinjoji suna tsaki, direba yana magana da Yarbanci wadda na tabbata ba addu'a yake yi mini ba. Da muka koma mota Hajiya ta ce, "Wai kai Kwamandan ina ne?" Daga ranar ta karɓi ragamata, ni kuma na sakar mata.

A Faraku ta ƙasar Binin muka kwana, a gidan wani mai masauki da fataken ƙasarmu ke sauka. Tabarma ce da buta, amma wurin tsaf. A nan aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa, da wani abu mai jan baya a ciki. Na ɗauka awara ce, ashe cuku ne na nonon shanu da suke kira wagashi. Na ci na nemi ƙari. Faransanci kuwa ko kalma ɗaya ba na ji, amma duk tashar da muka tsaya sai na sami mai jin Hausa, ko mai shayi ko mahauci.

A Kara ta ƙasar Togo na sake yin abin kunya. Direban ya ce ƙarfe bakwai za mu tashi. Na duba agogon hannuna na ga takwas saura, shi kuwa yana zaune yana shan shayi hankali kwance. Na same shi na fara yi masa wa'azi a kan cika alkawari. Hajiya ta jawo hannun rigata ta ce, "Malam Garba, rufa mana asiri. Agogon nan ƙasar yana bayan namu da awa guda. Mutumin nan bai makara ba, kai ne ka yi gaba." Na ba direban haƙuri, shi kuma ya sa aka zuba mini shayi. A iyakar Gana, a Tatale, kati yana aljihun gabana tun kafin a tambaya. Muka wuce Yendi, muka shiga Tamale da la'asar. A tasha muka yi sallama da Hajiya, ta ce in na tashi komawa in nemi wata tsohuwar in bi bayanta.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Tamale shi ne babura. Ba yawansu ba, masu tuƙa su. Mata ne, 'yan mata da iyaye har da kakanni, da hijabi da goyo da kwandon kasuwa, suna tafiya abinsu babu mai waiwayensu. Ina tsaye baki buɗe sai ga wata mai jiki ta ci burki a gabana ta ce, "Kai ne Garba? Yayanka ya aiko ni. Hau."

Mma Sana ke nan, matar Yaya Mumuni. Na dubi babur, na dube ta, na ce jakata tana da nauyi. Ta gane sarai, ta yi dariya har da buga cinya, ta tsayar mini da Keke Napep, wanda su suke kira yalo-yalo. Ta shiga gaba muna bin ta har unguwarsu, Moshi Zongo.

Ina ganin Yaya Mumuni na ji ƙwalla ta cika mini ido, don kamanninsa da mahaifina har tsayin wuya. Muka rungumi juna. Hausarsa tangaran, amma ta sauran gidan sai da na yi kwana biyu kafin kunnena ya saba. Ba ruwansu da mace ko namiji a magana. Mma Sana ta ce mini, "Rahinatu ya tafi kitso, shi zai zo ya gaishe ka." Na ɗauka ango ne shi ma yake da suna irin na amarya, kuma har yana kitso. Gaisuwa kuma aiki ce. Maƙwabtansu Dagwamba, 'yan asalin garin, in za su gai da babba sai sun durƙusa, ana jero tambaya suna amsawa da "Naa, naa." Ranar da aka zagaya da ni gidajen dattawan unguwa, gwiwoyina sun gaya mini shekaruna.

Abinci bai ba ni wuya ba. Koko da ƙosai kamar na gida. Tuwon zafi da miyar ayoyo ya fi namu laushi, ba a ajiye shi ya huce, kana ci yana ƙona yatsa. Wanda ya ba ni mamaki shi ne shinkafa da wake, da suke kira wake kawai. A kansa za a zuba taliya, da garin rogo, da ƙwai, da wani baƙin yaji mai suna shito. Na ce wa Mma Sana wannan ai abincin kwana uku ne aka haɗa a kwano ɗaya. Ta ce, "Ci ka gani." Na ci, kuma daga ranar shi nake nema kowace safiya.

Yanzu ga abin da ya sa labarin ya zama labari.

Ashe Yaya Mumuni sana'armu ɗaya. Shi ne shugaban kwamitin tsaron ɓangarensu, wanda suke kira woc komiti. Ya kai ni ɗan ɗakin da suke ajiye kaya, na ga tocila, da usur, da takalman ruwa, da riguna masu ƙyalli a rataye. Ya ce duk daga wani shiri na gwamnati ne na rage sata. Shirin yana ba su man babur, ya kafa musu fitilu masu aiki da hasken rana a lungunan da ake ƙwace waya, kuma yana biya wa wasu samari marasa aiki kuɗin koyon walda da ɗinki. Amma da sharaɗi. Duk bayan wata uku jami'a za ta zo ta zauna a bainar jama'a, ta duba kaya, ta karanta littafin da suke rubuta duk wanda suka kama, kuma kowa a unguwa yana da damar tashi ya yi magana. Babban sharaɗin shi ne ba a dukan wanda aka kama. A riƙe shi, a miƙa wa 'yan sanda yadda aka same shi.

Na yi dariya na ce, "Yaya, mu can an taɓa kawo mana babur ɗaya. Aka tara mu aka ɗauki hoto, aka tafi. Har babur ɗin ya mutu babu wanda ya dawo ya tambaye mu ko da launinsa. Sauran kuwa karo-karo ne, da dorina."

Bai yi dariya ba. Sai bayan la'asar, muna zaune a benci a ƙofar gida, ya gaya mini abin da ke damunsa. Ranar Juma'ar da ta wuce, ana masallaci, wani magidanci mai suna Abdulai ya shiga gidan wata mai koko ya saɓo tukunyar gas ɗinta. Wanda ya kama shi Isifu ne, mataimakin Yaya Mumuni kuma ƙanen Mma Sana. Ɓarawon ya yi ƙoƙarin ƙwacewa, ya zagi mahaifiyar Isifu, Isifu ya kai masa naushi ɗaya, haƙorin gaba ya fita. An miƙa shi ga 'yan sanda, amma a littafi abin da aka rubuta kawai shi ne an kama, an miƙa. Jami'ar kuwa jibi Laraba za ta zo. In maganar ta fito, ana iya cire su daga shirin, fitilu su tsaya, samarin da ke koyon sana'a a sallame su.

Isifu yana tsugune a gefe, kansa a ƙasa. Mutum ne mai kirki, makanikin babur, shi ya yi ta ɗawainiya da ni tun zuwana.

Na ce, "Yanzu wannan ne abin da ya hana ka cin abinci? Mutumin ya yi satar ko bai yi ba?"

"Ya yi."

"To, shi ke nan. A bar littafi yadda yake. A aika wa iyalinsa ɗan wani abu su yi shiru. Haƙori ɗaya ne fa. Ba za a kashe wa unguwa guda fitila saboda haƙorin ɓarawo ba."

Isifu ya ɗago da sauri ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Abin da ni ma na faɗa ke nan."

Yaya Mumuni ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce, "Garba, ranar da aka ba mu kayan nan, ni na tsaya a gaban mutane na ce na yarda da sharaɗin. Ba a sa mini wuƙa a wuya ba. In na ɓoye wannan, gobe wani zai karya hannu, shi ma in ɓoye. Kuma Isifu surukina ne. Za a ce don nawa ne."

Na ce masa yana da taurin kai irin na gidanmu. Ya ce ai shi ya sa ya tabbata ni ɗan'uwansa ne.

Ranar Laraba da safe aka jera bencuna a ƙarƙashin itatuwan darbejiya a filin wata makaranta. Mata sun fi maza yawa. Ina jiran in ga jerin motoci, sai ga wata 'yar siririyar mata da tabarau a kan babur, ta cire hular kwano daga kan hijabinta, wani ɗan sanda yana biye da ita a nasa babur ɗin. Jami'ar ke nan, Madam Ayishetu. Ba a yi jawabin maraba ba. Ta sa aka kunna tocila ɗaya bayan ɗaya tana gani. Ta tambayi mata ko fitilar bakin famfo tana ci. Wata ta ce ta bayan masallaci ta mutu sati biyu, Madam ta rubuta. Ta kira mai koyar da walda ta tambaye shi su wa suke zuwa, su wa suke fashi. Tana magana da Dagbanci, yaren Dagwamba, ta juya Hausa, ta jefa Turanci, babu wanda aka bari a baya.

Sannan ta buɗe littafin ta karanta shi a fili. Da ta gama ta rufe, ta cire tabarau ta ce, "Akwai abin da ya faru wanda ba shi cikin littafin nan?"

Na taka ƙafar Yaya Mumuni a hankali. Ya janye ƙafarsa ya miƙe.

Ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma ƙara wa ɓarawon laifi don ya wanke surukinsa ba. Ya ce shi ya ga littafin bai gyara ba, don haka shi ma yana da nasa kason. Kafin ya zauna Isifu ya tashi ya ce, "Madam, ni ne. Hannuna ne. Kar a kashe laitin saboda ni."

Nan wuri ya kaure. Mai kokon da aka yi wa sata ta miƙe tana nuna Madam da yatsa, ta ce, "Isifu ya kyauta! In ba shi ba, da me zan dafa koko? Ɓarawo ne paa, ba a yi masa ƙarya ba!" Wasu suka goya mata baya, ni ma a raina ina tare da ita.

Madam ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta ce, "Mma, na yarda ɓarawo ne, kuma maganarsa tana gaban alƙali. Amma gwamnati tocila ta ba su da usur, ba ta ba su kotu ba. Yau wanda ba ki so aka buga. Ran da aka kama ɗanki bisa kuskure, za ki so ya dawo miki da haƙoransa."

Mai koko ta zauna tana gunaguni. Madam ta yi shawara da ɗan sandan da wasu dattawa uku na ɗan lokaci, ta dawo ta faɗi hukunci. Isifu zai ajiye riga wata uku, ya je horon da ake ba sababbi. 'Yan kwamiti za su kai Abdulai wurin likitan haƙori daga aljihunsu, ba daga kuɗin shiri ba. Za a riƙe man babur har zuwanta na gaba. Fitilu da koyon sana'a kuwa suna nan. Yaya Mumuni ya sauke wata ajiyar zuciya da na ji ta har a kafaɗata. Isifu ya cire rigar a wurin, ya ninke ta da kyau ya miƙa.

Muka kama hanyar gida. Wani mutum nake tunawa a garinmu, wanda muka kama da akuya shekarun baya. Akuyar ba tasa ba ce, wannan gaskiya ne. Amma har yau yana ɗingishi, kuma in ya hango ni a kasuwa sai ya canza layi. Babu wanda ya taɓa tambayata game da ƙafarsa, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

Biki ya yi kyau ranar Lahadi. Maroƙan Dagwamba suka zo da kalangunansu, maza suna juyi da rigunan saƙi masu faɗi suna buɗewa kamar laima. Aka sa mini ɗaya aka tura ni fili, na yi juyi biyu jiri ya kwashe ni, Isifu ya tare ni. An soya zabi har na ƙoshi na sake ƙoshi. Can sai ga Madam Ayishetu cikin atamfa, ta zo taya murna. Yaya Mumuni ya jawo ni gabanta ya ce, "Madam, ga ƙanena daga Najeriya, shi ma kwamanda ne. Shi ne ya ba ni shawarar mu yi shiru."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce, "Alhaji Kwamanda, Allah ya taimake su ba su ji maganarka ba. Matar Abdulai ta zo ofis tun ranar Litinin, da haƙorin ƙulle a bakin zaninta. Na san komai kafin in zo. Jira nake in ji ko za su faɗa. Da sun yi shiru, a ranar zan kwashe kayan."

Na ce, "Madam, ai ni baƙo ne, ban san gari ba."

Ta ce, "To, yanzu ka sani. Ci zabonka."

Kwana goma sha biyu na yi. Ranar komawa na yarda Mma Sana ta kai ni tasha a bayan babur ɗinta, ina riƙe da ƙarfen baya da hannu biyu, ita kuma tana gaya wa duk wanda muka wuce cewa ɗan Najeriya ya tuba. Suka haɗa ni da rigar saƙi, da kwalbar shito, da doya wadda sai da na biya mata kujera.

Da na huta na tara yarana na sintiri na ba su labari. Wasu suka ce Kwamanda ya je Gana ya yi sanyi. Na ce na ji, amma dorina ta koma gidana, kuma daga yau duk wanda aka kama za a rubuta sunansa da yadda jikinsa yake lokacin da aka miƙa shi. Na je sakatariya na nemi a riƙa turo mana wanda zai duba aikinmu. Wanda na samu ya ce babu kuɗi. Na ce ba kuɗi na zo nema ba, mai dubawa nake nema. Ya kalle ni kamar na yi masa Dagbanci, ya ce in kawo a rubuce. Na kai, ina jira.

Kafin su amsa, na roƙi mai unguwa ya ba mu ƙofar gidansa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, duk mai magana a kanmu ya zo ya faɗa. Na ɗauka mutum biyar ba za su zo ba. Sai ga wuri ya cika, yawanci mata. Wadda ta fara tashi Iya Talle ce, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayan shagona. Ta dogara sandarta ta ce, "Garba, shekara tara kuna wucewa ta ƙofar gidana kuna hura mini usur a kunne. Yau ne aka fara tambayata."

Ta ce yarana suna kwana a zaurenta maimakon zagaye. Ta ce sun cinye mata gwaiba. Ta faɗi sunan wanda ya mari jikanta a kan laifin da bai yi ba, a gabansa, shi kuma ya sunkuyar da kai. Na rubuta duka. Da na ga ta yi shiru sai na miƙe zan yi godiya in kira na gaba.

Ta ɗaga sanda ta ce, "Ina za ka? Koma ka zauna. Numfashi nake yi."

Na koma na zauna.